Sunan da Ke Shafin Godiya

Kun sha tambayata, musamman ke Rukayya da bakinki ba ya gajiya, wai me ya sa aka sauke ni daga shugabancin laburaren kwaleji aka mai da ni sito, ana saura 'yan shekaru in yi ritaya. Nakan ce muku aikin gwamnati ne, haka ya gada. Na san ba ku yarda ba. Na kuma san abin da kuka ji a bakin mutane a Damba, cewa uwarku ta kashe kwamfutar makaranta don ita tsohuwar hannu ce, ba ta son ci gaba. Wata ma a gidan biki, ina zaune a bayanta ba ta sani ba, cewa ta yi asiri aka yi mini. Yanzu da wanda abin ya shafa ya riga mu gidan gaskiya, babu sauran abin da zai kama mini baki. Sai dai ba zan rubuta sunansa na yanka ba, ba kuma zan rubuta sunan ƙauyensu ba. In kun kai ƙarshen maganar za ku ga dalili.

Na shiga aikin laburare tun zamanin da kati ne komai. Littafi ya zo, ka buga masa hatimi, ka yi masa lamba, ka rubuta katinsa, ka jera shi a kanta. Abokan gabarmu a lokacin gara ce da yoyon rufi da ɗalibin da zai yage babi guda ya cusa a aljihu don ƙyuyar kwafa. Malamin da ya koya mana aikin, Allah ya jiƙansa, abu ɗaya ya dinga nanata mana har muka haddace: ma'aikacin laburare ba ya raba littafi da shafinsa, ko da shafin fari ne fat ba rubutu. A kan wannan na tashi, a kansa na yi wa ɗalibai faɗa shekara da shekaru, har suka sa mini suna Hajiya Kar-a-yage. Sun ɗauka ban sani ba.

Daga baya kwamfuta ta zo. Aka gyara mana ɗaki guda, aka sa sola, aka jera na'urori, aka biya mana mujallun ƙasashen waje da ake karantawa ta intanet da lambar sirri. Aka kuma kawo mana Mista Bulus, wani mutumin Filato, wanda iyalinsa ke zaune kusa da mu a Damba, shi ne mai kula da wannan ɓangaren. Ku daina yarda da masu cewa na ƙi abin. Wallahi na so shi. Ranar da na ga wata yarinya daga Kwatarkwashi, wadda ko Zariya ba ta taɓa zuwa ba, tana karanta binciken da aka buga a wata ƙasa cikin watan nan, sai da na koma ofis na share hawaye.

A ɗakin baya kuwa akwai kundaye. Duk ɗalibin da zai gama sai ya rubuta kundin bincike, a ɗinke shi da baƙin bango da rubutun ruwan zinare, a kawo mana kwafi ɗaya. Sun taru sun kai rufi, ba mai buɗe su sai ɓera da ɗalibin da ke neman na sata. A shekarar da nake ba ku labari, masu tantance makarantu za su zo daga Abuja, su ne masu cewa kwas kaza ya ci gaba ko a dakatar da shi. Shugaban kwaleji, wani Dakta, mutumin kirki ne ba zan zalunce shi ba, ya ce a ɗauki hoton kundayen nan duka a ɗora su a intanet, duk duniya ta gani, baƙi su san mu ma ba a bar mu a baya ba. Muka duƙufa ni da Bulus da ma'aikatana. Kuma da yake ni ce Hajiya Kar-a-yage, na kafa doka: daga bangon gaba zuwa bangon baya, kada a tsallake ko shafi ɗaya.

To, kun san ɗalibanmu da shafin godiya. Nan ne kaɗai a cikin kundi yaro ke rubuta abin da ke zuciyarsa, sauran duk tsoron malami ne. Sai ya gode wa Allah, ya gode wa iyaye, ya bi yayye da ƙanne da gwaggonni ɗaya bayan ɗaya, don in ya manta da guda an shiga gaba ke nan har ranar aurensa. Ya gode wa mai shayin bakin makaranta. Ya gode wa wata “'yar'uwa ta musamman” wadda kowa ya san budurwa ce. Ya gode wa Alhajin da ya biya masa kuɗin makaranta, da sunansa da unguwarsa da yawan alherinsa. In kuwa ƙauye ya je ya yi tambayoyi, rashin kunya ne a wurinmu dattijo ya zaunar da kai ya ba ka iliminsa ka ƙi ambatonsa. Muna ɗaukar hoton shafukan nan muna karantawa muna shan dariya. Ba wanda ya kawo komai a ransa, har ni.

Damina ta ja baya, gero ya fara nuna, baƙi kuma sun kusa. Wata ranar da hantsi ina zaune a teburin karɓar littafi sai wani saurayi ya shigo. Shaddarsa wankakkiya, hularsa a karye daidai, ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ake so. Ba ɗalibinmu ba ne, don na san fuskokin namu. Ya ciro waya ya miƙo mini.

“Hajiya, wanga littafi nan yake wurinku?”

Na gyara tabarau na duba. Hoton shafin godiya ne na wani kundi, da hatiminmu a kusurwa. Na wata ɗaliba ce da ta gama shekaru da dama kafin nan, a kan satar shanu a ƙasar Tsafe, tun lokacin da abin sata ce kawai, mutane na maganarta a bakin kasuwa ba fargaba. Da Turanci ta rubuta, amma ga abin da ke tsakiyar shafin. Tana godiya ta musamman ga kawunta, ta kawo sunansa da na mahaifinsa da na ƙauyensu, ta ce shi ne mai gida a bayan masallacin Juma'a, wanda ya zaunar da ita ya bayyana mata hanyoyin da ɓarayi ke bi a daji, da kasuwannin da suke kai shanun, da mutanen gari da ke kai musu abinci, ba tare da tsoron kowa ba.

Na karanta na sake karantawa. 

“Bincike kake yi?” na tambaye shi.

“A'a. Garinmu ne. Na rubuta sunan garinmu a waya, sai wanga kaɗai ya fito.” Ya yi murmushi. “Wai sauran sunayen da tsohon ya faɗa, suna ciki? Kuma ita mai littafin, ina take aure yanzu?”

'Ya'yana, na yi shekaru ina amsa tambayar masu neman littafi. Mai neman ilimi babi yake tambaya, ko shekara, ko sunan malami. Ban taɓa ganin wanda ya zo neman gidan auren marubuciya ba. A lokacin kuwa kowa a Zamfara ya san infoma, masu zama cikin mutane suna kai wa 'yan bindiga rahoto, kuma kowa ya san ba su da ƙaho, shadda suke sawa kamar kowa. Wataƙila yaron nan ba shi da wata manufa, Allah ne masani, har yau ban sani ba. Amma ban yarda da shi ba. Na ce masa kundayen suna ɗakin da aka yi wa feshin gara, ba a shiga sai bayan wata guda, mai kundin kuma ba mu da labarinta. Ya dube ni ya daɗe, murmushin bai bar fuskarsa ba. Ya karanta sunana da ke rubuce a katakon teburi, a fili, a hankali, kamar mai son ya riƙe. Sannan ya ce ya gode, ya fita.

 Ina miƙewa, ɗakin Bulus na nufa, na ce ya buɗe mini kundayen da aka rubuta a kan tsaro da kiwo da rikicin manoma. Muka dinga buɗe shafin godiya ɗaya bayan ɗaya. Shafukan da muka sha wa dariya, yanzu ba mai ko tari. Ga mai unguwar da ya faɗi inda gari ke ɓoye hatsi. Ga ɗan sa-kai da sunansa da hotonsa. Ga Alhaji wane na ƙauye kaza, “mai garken shanu, wanda bai taɓa gajiya da ɗawainiyata ba”. Shekara da shekaru suna kwance a ɗakin baya, ƙura ta rufa musu asiri. Mu ne muka kakkaɓe su muka miƙa wa duk mai waya a hannu, a gari yake ko a daji.

Bulus ya dafe kai ya ce, “Yesu. Hajiya, mun kashe mutane.”

“Ba mu kashe ba tukuna,” na ce. “Tashi mu je wurin Shugaba.”

Shugaba ya saurare mu tsaf, har ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce ya gane, kuma abin ya tayar masa da hankali. Amma baƙi sun riga sun karɓi adireshin rumbun kundayen namu na intanet, shi ne abu na farko da za su buɗe, kuma makomar ɗalibai masu yawa na rataye da zuwan nan. A bari su zo su tafi, sai a rufe a gyara a tsanake.

“Ranka ya daɗe,” na ce, “ai su mutanen daji ba su san da zuwan baƙi ba, balle su jira.”

“Hajiya, 'yan kwanaki ne kawai. Kuma wa ya ce miki suna karanta Turanci?”

“Wanda ya zo ɗazu yana karantawa, Ranka ya daɗe. Har sunana ya karanta.”

Ya ce magana ta ƙare, kada wanda ya taɓa komai. Muka fito. A baranda Bulus ya tsaya ya ce mini, murya ƙasa-ƙasa, shi baƙo ne a garin nan, yaransa na makaranta, in ya kashe na'urar shi za a fara kora kuma ba mai tsaya masa. Gaskiya ya faɗa, ban ga laifinsa ba. Na ce ban ce ya kashe ba, ya nuna mini kawai inda kundayen suke kwana. Ya kai ni wani ɗan ɗaki mai sanyi, ya nuna mini wani baƙin akwati, bai fi rediyon Abbanku girma ba, ya ce duk suna ciki. Na ce ya tafi ya ci abinci, kada ya yi saurin dawowa. Da ya kai ƙofa ya juyo.

“Amma ki sani, Hajiya, wanda ya riga ya sauke shafin a wayarsa, ya sauke. Wannan ba ya dawowa.”

Na zare wayoyin, na naɗe akwatin a cikin gyalena, na wuce masu gadi muna gaisawa kamar na ɗauko kwanon abinci. A kan babur har Damba ji nake kowa ni yake kallo.

Abbanku yana alwalar La'asar na shigo. Da na kwance gyale ya ga abin, butar ya ajiye.

“Mene ne wannan kuma?”

Na gaya masa komai.

“Innalillahi. Kayan gwamnati kika kawo mana ƙarƙashin gado? Ke da ko fensirin ofis ba kya yarda yara su taɓa?”

“Malam, akwatin nan ba shi ne damuwata ba. Tsohon nan bai san sunansa na yawo ba. Sai an gaya masa.”

“A gaya masa a ina? Kin san shi? Kin san garin?”

“Takardar ta faɗi komai.”

 Abbanku mutum ne mai tsoro, shi da kansa yakan faɗa, ko ƙadangare ya faɗo daga katanga sai ya yi salati. Ya ce hanyar Tsafe ba hanyar wasa ba ce yanzu, a makon nan ma an tare motoci. Ya ce muna da yara. Ya ce shi bai yarda ba, kuma in na matsa zai kira Inna a Bungudu ta yi mini magana. Na ce ya kira. Ya shiga ɗaki ya fito, ya sake shiga ya fito. Sannan ya ce, in dai haukan nan ya zama dole, to ranar kasuwar Tsafe za a yi shi, da rana tsaka, kuma ƙafata ƙafarsa.

Ba zan manta motar nan ba. Mun cika ta maƙil amma ba mai hira. Dawa ta yi tsawo a gefen titi, ta rufe komai, ba ka ganin abin da ke bayanta. Duk babur ɗin da ya ɓullo daga hanyar gona sai ka ji numfashin mota ya tsaya gaba ɗaya. Direba na kallon motocin da ke tahowa daga gaba, in ya ɗan jima bai ga ko ɗaya ba sai ya rage gudu ya fara waige-waige, don titi in ya yi shiru ba lafiya ba. Wata tsohuwa kusa da ni tana jan carbi har yana ƙara. Abbanku ya riƙe gefen kujera, leɓensa na motsi. Ni kuwa abin da ke raina kunya ce da tsoro a haɗe: in aka ɗauke mu a nan, na ja uban 'ya'yana cikin daji saboda mutumin da ban taɓa gani ba.

Allah ya kai mu. A kasuwa muka nufi layin 'yan hatsi, Abbanku ya ambaci sunan ƙauyen da sunan tsohon. Nan take fuskoki suka rufe. Wanda ke awo ya ci gaba da awonsa kamar kurma. Sai a lokacin na gane yadda muke a idonsu: baƙi biyu daga birni, masu tsabtar kaya, suna neman mutum da sunansa da na ubansa. Mun zama irin saurayin nan. Na cire katin aikina na nuna, na rantse da Allah alheri ya kawo mu. Wani dattijo mai sayar da wake ya ƙare mini kallo, sannan ya nuna gindin wata tsamiya da haɓa. Abin da ya fi tsorata ni a ranar ba hanya ba ce. Ni da ban taɓa taka ƙasarsu ba, da shafi ɗaya a hannu, na same shi kafin a kira Azahar.

Dogo ne siriri, da farin gemu, babban yatsansa na hagu ya taɓa karyewa ya warke a karkace. Yana zaune kan buhu yana fere rake da 'yar wuƙa. Muka gaisa, na durƙusa na yi masa bayani, ina ta kame-kame, don ta ina za ka fara gaya wa manomi cewa sunansa na cikin wayar duk duniya? Na ce maganar da ya taɓa yi wa ɗiyar ƙanwarsa a kan ɓarayin shanu ta shiga takarda, takardar ta shiga waya, kuma an zo har ofishina ana tambaya.

Wuƙar ta tsaya a hannunsa.

“Da sunana?”

“Da sunanka, Baba. Da na mahaifinka. Da bayan masallaci.”

Ya ajiye raken. Sannan ya ce, “Waɗanda na ambata mata, biyu cikinsu yanzu su ne manya a daji.”

Abbanku ya ce masa ya biyo mu yau ɗin nan, akwai gidan surukarsa a cikin garin Bungudu, da zaure ba kowa. Tsohon ya girgiza kai.

“Ɗiyata, gero ya nuna. Matata ta rasu, 'ya'yana sun watse kudu, ni kaɗai ne. In na bar shi tsuntsu ya cinye, mi zan ci bana? Gonar ga ubana ya share ta da hannunsa. Ku bari in yanke, in ɗaure, sannan mu ga abin da Allah zai yi.”

Na roƙe shi har na yi kuka a tsakiyar kasuwa, ban ji kunyar kowa ba. Ya ƙi. Abin da kawai ya karɓa shi ne kwatancen gidan Inna, Abbanku ya maimaita masa har ya riƙe. Ya ba mu rake biyu ya ce mu kama hanya tun rana na sama. Ya kuma ce kada mu nemi yarinyar, kada mu gaya mata, tana gidan mijinta da 'ya'yanta lafiya, a bar ta.

Abin da ya biyo baya a kwaleji kun ji rabinsa. Takardar tuhuma ta riga ni isa ofis. Na amsa cewa akwatin na hannuna, lafiyarsa ƙalau, zan dawo da shi ranar da aka yarda a rufe sunayen mutane kafin a sake kunna shi. Aka ce za a kira 'yan sanda. Na ce a kira, amma a gaban alƙali sai na faɗi dalili, kuma 'yan jarida na zuwa kotu. Ba a kira ba. Baƙi suka zo, suka buɗe adireshi suka ga wayam, aka rage mana maki, aka ɗage amincewa da kwas biyu zuwa wani zagayen. Ɗaliban da abin ya shafa sun yi asarar lokaci, wasunsu 'ya'yan talakawa ne da ke ƙirga kowane wata, kuma wannan nauyin ina ɗauke da shi, ban taɓa cewa ƙarya ne ba. Ɗaliban suka yi mini ihu a bakin ƙofa. Ban iya fitowa na ce musu ga dalili ba, don faɗin dalilin tamkar nuna wa kowa inda zai duba ne. Bulus ya so ya yi magana a taron ma'aikata, na harare shi ya zauna.

A makonnin nan ban san daɗin abinci ba. Ko yaushe babur ya tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi, in tuna yadda yaron nan ya karanta sunana. Na hana ku wasa a waje, kuka yi ta ƙorafi, kai Sadiƙu har ka ce na zama 'yar sanda. In waya ta yi ƙara ba na son ɗauka. In an ce an kai hari ƙasar Tsafe sai in bi mutane ina tambayar wane ƙauye, wane ƙauye, har aka fara yi mini kallon mai taɓin hankali.

Ranar wata Asabar da safe Inna ta kira ni.

“Ke Laraba, wani tsoho ya zo nan, ƙafafunsa duk sun fashe, wai ke kika ba shi kwatance. Mi kika jawo muna?”

Kafin azahar muna Bungudu. Yana zaune a zaure, rigar jikinsa kaɗai gare shi sai 'yar wuƙar nan. Ya ce yana gona yana yankan gero, ya kusa rabi, sai matar maƙwabcinsa ta biyo shi da gudu ba ko mayafi. Ta ce mutane sun zo a kan babura, sun tsaya a bayan masallaci, ɗaya na riƙe da waya yana karanto sunansa da na ubansa. Bai koma gida ba. Ya ajiye lauje a nan, ya shiga cikin dawa, ya yi ta tafiya. Daga baya ya ji sun cinna wa rumbunsa wuta, sun ce gonar kada wanda ya sake taɓa ta.

Inna ta saurara, ta dube ni, ta dube shi. Kun san kakarku, ba ta da dogon zance.

“To, ya isa. Daga yau ƙanen Malam babanki ne, ya dawo daga Gwanja. Duk wanda ya tambaya haka za a ce, har yara.” Ta juya ta ƙwala wa mai aikinta kira a kawo ruwan zafi da man kaɗanya.

Wannan shi ne Baba Dogo. Shi ne wanda ke fere muku rake in kun je hutu, kuna faɗa a kan wa zai samu gindin. Ba mu haɗa ko kakan kaka da shi ba.

Ni kuwa aka mai da ni sito, wurin tsofaffin littattafai da kundaye, aka kawo wani ya hau kujerata. Sun ɗauka hukunci ne, ni kuwa nan nake so. Shugaba da kansa, da labarin rumbun da aka ƙone ya kai masa ta bakin Bulus, ya aiko a ce mini in yi abin da na ga ya dace, ko da yake bai mai da ni kujerata ba, ban kuma nema ba. Na mai da akwatin. Sauran shekaruna na aiki na ƙare su ina buɗe kundi ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta, ina cire shafin godiya, ina shafe sunan duk wani mai unguwa da manomi da makiyayi da ya taɓa yi wa ɗalibi alheri, Bulus na mayar da su intanet. Na takarda kuma na kulle su a kabad, mabuɗin a jakata. Hajiya Kar-a-yage ta ƙare aikinta tana raba littafi da shafinsa. Har yau in na tuna sauran sunayen nan, waɗanda ban je kasuwar kowa na nemo su ba, ban san abin da ya same su ba, sai barci ya ƙaurace mini.

Baba Dogo bai sake ganin gonarsa ba. Duk damina in hadari ya haɗu yakan fito ƙofar zaure ya tsaya yana kallon gabas, ya ce yanzu da ya gama huɗa. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, bai kuma taɓa tambayar abin da takardar ta ce ba, sai a ciwonsa na ƙarshe. Na je duba shi da rana, Inna ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar ɗaki, ya rame har ba ka son kallo.

“Ɗiyata,” ya ce, “takardar nan da ta kore ni. Kina da ita?”

Ina da ita. Shafin nan kaɗai na taɓa yagewa da hannuna daga jikin kundi, yana cikin jakata tun ranar Tsafe.

“Karanta mani. In ji laifin da yarinyar ta ce na yi.”

Sai a lokacin na gane. Duk shekarun nan ya ɗauka ƙararsa ta kai, ko shaida aka sa ta bayar a kansa, ya haɗiye bai gaya wa kowa ba, ya kuma hana a tayar mata da hankali. Na buɗe takardar, na dinga mayar masa da Hausa a hankali. Godiya ta musamman ga kawuna, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, wanda ya sayar da akuyarsa ya kai ni makaranta, wanda ya zaunar da ni ya gaya mini gaskiya ba tare da tsoron kowa ba. Allah ya saka masa da Aljanna.

Ya rufe ido. Na ɗauka barci ya ɗauke shi, har na fara naɗe takardar.

“Ashe godiya ce,” ya ce.

“Godiya ce, Baba.”

“Tun da nike, ba wanda ya taɓa gode mani a rubuce.” Ya miƙo hannun nan mai karkataccen yatsa, na sa masa takardar, ya ɗora ta a ƙirji. “Sake karanta mani wurin akuyar.”